Faifai Biyu a Kuka Ɗaya

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin kakanni, ana ce masa Nomau. Baduku ne, ɗinkin takalma da layu ne sana'arsa. Ba shi da sarauta, ba shi da baki a taro. Ku gyara zama, jama'a, ku saurara.

Mutanen garin suna da wani wasa da suke yi bayan la'asar, idan an gama aikin gona. Faifai suke ratayawa a jikin wata kuka, tsakiyarsa ja, kewaye da baƙi. Kowa ya tsaya daga nesa ya jefa 'yar kibiya ta kyauro mai gashin zabo. Ba a biyan kowa, nishaɗi ne da zumunci. Wanda ya fi samun ja a gasar shekara shi ne Sarkin Jifa, har wata kakar ta zagayo.

To, ga al'adar da ta riƙe wasan. Idan ka jefa, ba kai za ka je ka duba ba. Abokin karawarka ne zai taka shi kaɗai, ya duba, ya faɗa wa jama'a inda ta sauka, sannan ya zare ta. Abin da ya faɗa ya zauna. Kun ga, kowa amanarsa a bakin abokin hamayyarsa take.

Ana nan sai wani mai suna Barmo ya ci gasa. Gwani ne, ba a musu. Amma da shekara ta zagayo sai ya ce bana ba gasa, ana fama da fari. Wata shekarar ya ce faifan ya tsufa. Daga nan ya soke tsohuwar al'ada, ya naɗa ƙannensa su riƙa duba jifa. Wani mai zafin kai, Gagare, ya ja mutanensa suka rataya nasu faifan a ɗaya gefen kukar. Kuka ɗaya, faifai biyu, ba mai gaida wani. Dattawa suka daina zuwa. Samari suka koma hira a bakin kasuwa. Wurin da a da sai ka yi turereniya, ya zama awaki ne ke kwana.

Nomau ya taɓa ce wa Barmo, cikin ladabi, "Sarki, da an mayar da al'adar nan da mutane sun dawo." Barmo ya yi dariya ya ce, "Baduku, kai da allura aka san ka. Daga yau tsintsiya ce kibiyarka." Ya hana shi jifa a fagen. Nomau bai yi gardama ba. Kullum sai ya zo ya share gindin kukar, gefen Barmo da gefen Gagare duka, ya koma gida ya yi jifarsa a bangon zaurensa.

Da rigimar ta kai ga dambe, mai gari ya kira Barmo da Gagare. Ya ce, "Na gaji. Ranar kasuwa za a yi gasa bisa al'adar iyayenmu, kowane ɓangare ya fitar da mutum guda. Wanda ya ci shi ne Sarkin Jifa. Idan kuma aka tashi da rigima, fagen nan na ba fatake su ɗaure jakuna, an gama wasa a garin nan."

Mutanen Gagare suka duba, duk hannunsu ya yi sanyi, sun fi shekara suna jayayya ba sa jifa. Sai suka tuna da baduku. Gagare ya same shi a rumfarsa ya ce, "Malam Nomau, kai za ka tsaya mana. Amma ka ji, Barmo ba zai faɗi gaskiya a kanka ba. Kai ma in tasa ta sauka a bakin ja, ka ce baƙi. Wa zai gani? Bayanka ya tare."

Nomau ya ci gaba da huda fatarsa, ya ce, "Zan yi jifa, Gagare. Abin da idona ya gani kuma shi bakina zai faɗa."

"Haka za ka mayar mana da shi kan kujera?"

"In ya ci, ai ya ci."

Ranar ta zo, gari ya cika gindin kuka. Kibiya uku uku ce. Ta farko, kowa ya sami baƙi. Ta biyu, Barmo ya sake samun baƙi. Nomau ya jefa tasa, ya ji a hannunsa ta tafi daidai. Barmo ya taka, ya tare faifan da faɗin rigarsa, ya zare ta da sauri ya ce, "Baƙi." Aka fara gunaguni. Gagare ya miƙe yana naɗe hannun riga. Nomau ya waiwaya ya ce, "Zauna, ɗan'uwa. Abin da ya faɗa ya zauna."

Ku saurara nan, domin nan ne jarrabawar take.

Barmo ya jefa ta ƙarshe. Nomau ya taka zuwa faifan shi kaɗai. Ya ga tsinin ya shiga daidai inda ja ya haɗu da baƙi, amma da ya sunkuya ya duba, cikin ja yake, da kamar faɗin zare. Ba mai gani sai shi da Allah. Ya tuna tsintsiya. Ya tuna dariyar. Ya tuna kibiyarsa ta ɗazu da aka zare da sauri. Zuciyarsa ta ce masa, kalma ɗaya ce, kuma ramuwa ce ba zalunci ba. Sai ya juyo ya ɗaga murya yadda na baya zai ji.

"Ja ce. Sarki ya sami ja."

Gagare ya dafe kai ya ce, "Wannan baduku ya kashe mu." Shi kuwa Barmo bai yi murna ba. Tun da ya jefa ya ji a hannunsa a bakin ja kibiyarsa ta sauka, ya kuma san abin da shi zai faɗa da shi ne a wurin.

Nomau ya koma ya jefa tasa ta ƙarshe. Barmo ya taka a hankali. Ya daɗe tsaye gaban faifan, har mai gari ya ce, "Barmo, muna jiranka." Sai ya matsa gefe, bai zare kibiyar ba, ya bar kowa ya gani.

"Ja ce," in ji shi. Ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ta ɗazun ma ja ce. Nomau yana da biyu, ina da ɗaya."

Wuri ya ɗauki sowa. Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga, samari suka ɗaga baduku sama yana ta cewa su sauke shi, hularsa za ta faɗi. Mai gari ya ce Nomau ne Sarkin Jifa, fatake kuma su nemi wani wurin.

Abin da Nomau ya fara yi shi ne ya sauke faifan nan biyu, ya sa Barmo da Gagare suka rataya sabo tare. Kafin damina fagen ya koma cika, har daga ƙauyuka ake zuwa. Da kaka ta zagayo shi da kansa ya kira gasa. Wani manomi ya kayar da shi, Nomau ne ya duba kibiyar, shi ya faɗa, ya miƙa sarautar yana murmushi. Washegari aka gan shi da tsintsiyarsa.

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake. Jama'a ba ta watsewa don rashin gwanaye, tana watsewa ne ranar da aka daina yarda da bakin juna. Kuma gaskiyar da ke gyara wuri ita ce wadda ka faɗa alhali tana amfanar wanda ya cuce ka. Mu duba kanmu. Ƙungiyar unguwarmu, kwamitin masallacinmu, ƙungiyar ƙwallon yaranmu, nawa ne suka rabu biyu don wani ya ƙi sauka, wani kuma ya ƙi faɗin alherin abokin hamayyarsa? Kowannenmu akwai ranar da zai tsaya gaban faifai shi kaɗai, bayansa ya tare jama'a. Ranar nan, in ja ce, ka ce ja ce. Allah Ya ba mu ikon faɗa.