Mai Masar da Ba Ta Jin Zafin Tanda

Akwai wata mace mai tuyar masa a bakin kasuwar wani gari. Mijinta ya rasu, da tandar nan take ciyar da kanta da 'ya'yanta. Masarta kuwa ta yi suna, har mutanen ƙauyuka sukan ce ba su ci kasuwa ba in ba su tsaya wurinta ba.

Ana nan, wata rana tana wanke hannu, sai ta ga wani ɗan tabo a bayan hannunta na dama. Ya fi sauran fatar haske, faɗinsa bai kai bakin ludayi ba. Ta murza shi da sabulu, bai fita ba. Ta danna shi, babu ciwo. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ruwa, ko gumi ba ya tsatsowa a wurin.

Ciwon hannu ba baƙon abu ba ne a layin masu abinci. Mai wanke-wanke, sabulu da ruwa sun cinye mata tsakanin yatsu. Mai daddawa, toka ta farfasa mata tafi. Wata kuma ta kwaso ƙazuwa wurin jikokinta, tana susa kamar za ta yage fatar. Dukansu azaba ta kora su neman magani, suka kuwa sami sauƙi. Mai masa takan dube su, ta ce a ranta, "Na gode Allah, nawa mai hankali ne, ba ya damuna."

Bayan 'yan watanni ƙanwarta ta zo gaishe ta daga ƙauye. Suna tankaɗe gari, sai ta kama hannun, ta ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Mai masa ta ce, "Tabon mai ne. Wace mai tuya ce ba ta da shi?"

Ƙanwar ta tsinko 'yar auduga, ta ce mata ta rufe ido, ta faɗa in ta ji an taɓa ta. Mai masa ta rufe ido, ta jira. Da ta gaji sai ta ce, "To ki taɓa mana, ƙulluna yana jirana."

Ƙanwar ta ce, "Yaya, ai tun ɗazu nake taɓawa."

Mai masa ta buɗe ido, ta dubi hannun. Can ƙanwar ta ce, "Haka na kawun maigidana ya fara. Ya je asibiti da wuri, ya sha magani wata da watanni, ga shi can yana noma da yatsunsa duka. Ki shirya in raka ki."

Mai masa ta fizge hannunta. Ta ce, "Ki rufa mini asiri. Kin san ƙofar da masu wannan ciwo suke shiga? Hanyar kasuwa take kallo. A gan ni a can yau, gobe wa zai karɓi masa daga hannun kuturwa? Ke za ki ciyar mini da yaran?"

Washegari ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa hannun har wuyansa. Tabon ya ɓace a cikin jan. Matan layi suka yi ta zolayarta, suna cewa, "Iya, wannan kwalliya fa? Ko wani ya fito ne ba mu sani ba?" Ta yi dariya tare da su. Lallen yana fara kodewa, sai ta sake ƙunsawa.

Cutar kuwa ba ta tsaya ba. Ta bi jijiya a hankali, ta kashe jin ƙaramin yatsa, ta wuce na kusa da shi. Mai masa ta lura mai yana fantsama mata ba ta ko motsi. Sai ta fara gyara gawayi da hannu, tana sauke tanda daga wuta ba tsumma. Masu saye suka riƙa tsayawa kallo, suna cewa, "Iya mai hannun ƙarfe ke nan." Yabon ya yi mata daɗi, har takan maimaita in an taru.

Wata ranar kasuwa, tana ba wani labari, hankalinta yana wurinsa, sai wani mai saye ya shaƙi iska, ya ce, "Iya, yau har da gashin nama kike yi?"

Ta duba. Yatsunta biyu suna kwance a gefen tandar, fatar ta yi baƙi tana hayaƙi. Mutumin ya ajiye masar da ke hannunsa, ya ja da baya. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka watse. Kafin rana ta faɗi, kalmar da take tsoro ta zaga kasuwa.

Ta naɗe ƙunar da tsumma, ta ci gaba da fitowa, ko da yake ba mai tsayawa. Da yake ba ta jin zafi, ba ta hutar da hannun ba, gyambon ya ruɓe har ƙashi. Sai da wari ya hana 'ya'yanta cin abinci kusa da ita, sa'an nan ta aika a kira ƙanwarta, ta raka ta asibiti.

Ma'aikaciyar asibiti ta duba hannun, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Iya, ƙwayar cutar za ta mutu, maganin yana kashe ta, kuma da kin fara sha ba za ki sa wa kowa ba. Amma jijiyar da ta riga ta mutu, ba ni da abin tayar da ita. Wannan yatsa da wannan, sai an cire."

Mai masa ta ce, "To ai bai taɓa yi mini ciwo ba, 'yata."

Ma'aikaciyar ta ce, "Shi ya sa, Iya."

Ta warke daga cutar, amma ragowar yatsun suka ƙanƙame. Ba ta ƙara riƙe ludayi ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kada kowa ya fita daga nan ya ce kuturta zunubi ce ko la'ana. Cuta ce kamar sauran, ƙwayar cuta ke kawo ta, tana da magani, kuma duk wanda ya ga tabon da ba ya jin taɓi ya tafi asibiti makon nan. Mai Cetonmu bai taɓa ƙyamar irin wannan hannu ba, mu ma kada mu zama dalilin da wani zai ɓoye nasa.

Amma hannun nan lamirinmu ne. Tabon shi ne zunubin da muke rainawa don ba ya hana mu barci. Lallen kuwa shi ne fara'a, da waƙa, da kayan Lahadi da muke rufe shi da su, domin mun fi tsoron bakin mutane da mutuwar da ke ci a ciki. Zafin da zuciya take ji bayan laifi, baiwa ce daga Allah, shi yake kora mu wurin Mai Warkarwa. Ranar da muka daina jinsa, mutane suna iya kiranmu jarumai.

Saboda haka kowa ya tuna. Akwai ƙaryar da in ka yi ta a dā, tuwo ba ya wuce maka maƙogwaro? Akwai maganar da kikan faɗa wa surukarki, ki yini kina kuka? In yau kuna yin su, ku wanke hannu ku ci abinci lafiya, to kada ku jira sai kun ji ciwo kafin ku tuba. Ciwon ba zai zo ba.