Motar da ta fi ƙarfin gwiwar Mama

Akwai wani magidanci da 'yan gidansu ke kira Babban Yaya. Abin alfaharinsa ɗaya ne: shi yake kai mahaifiyarsu asibiti a tsohuwar jif ɗinsa, saboda ciwon gwiwa da ke damunta. Ko tayi ba ya bari ƙannensa su yi.

Sai Autansu ya ɗaga ƙafafun tasa jif ɗin, don ramukan hanyar gonarsa. Motar ta yi kyau, 'yan unguwa sai yabo suke. Babban Yaya ya ce masa "Allah ya sa alheri."

Bai tsaya wata-wata ba ya nufi gareji.

"Yaya tsayin ta Auta yake?" ya tambayi bakanike.

Bakanike ya gwada masa da hannu.

"To tawa ta ɗara haka."

Aljihunsa bai kai na sabon sifirin mai ɗaga mota ba, sai aka cusa guntayen ƙarfe a ƙarƙashin tsohon, aka ɗaura manyan tayoyin gwanjo.

"Yallaɓai, a haɗa maka da matakala?"

"Bar ta. Da kuɗinta ƙaro mini tsayi."

Ranar asibiti ya faka a ƙofar gida yana hura hanci. Mama ta fito da sandarta, ta ɗaga kai ta dubi kujerar.

"Ikon Allah! Mota ce wannan ko bene?"

Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ya kifa mata bokiti, bokitin ya goce, da ƙyar ya tare ta. Ya sunkuya zai ciccibe ta, ga maƙwabta sun zuba ido.

"Sake ni! Ni ba buhu ba ce."

Ana haka Auta ya iso gaishe ta. Ya buɗe ƙofar motarsa, ya zaro wata 'yar matakala da ya sa aka yi saboda ita tun ranar da ya ɗaga motar. Mama ta taka, ta zauna abinta a motar Auta.

Ta leƙo ta taga. "Babba, ka huta. Daga yau Auta zai riƙa kai ni."

Haka ya bi bayansu har asibiti shi kaɗai, yana hango ƙeyarta daga sama.

Darasi: In za ka gyara abinka, ka auna da bukatar waɗanda kake ɗauka. Hassada na sa mutum ya ɓata abin da ya fi kowa da shi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.