Taku Huɗu Daga Filin Wasa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, magini, wanda aikinsa ba shi da makusa. Saboda yadda katangarsa ke miƙewa sambal, sai aka laƙaba masa Mai Igiya. Gidansa yana jingine da filin wasan unguwarsu.

Filin nan ya daɗe da lalacewa. Turakun raga sun karye, lilon yara ya yi tsatsa, bola ta cinye gefe guda. Rannan mutanen unguwa suka ce abin ya isa haka, a tashi a gyara.

Kai, ina ma kun ga ranar da aka fara! Samari da shebur da baro, mata na ɗebo ruwa, mai walda na ta feshin tartsatsi a jikin lilo, kafinta na buga bencina. Tsofaffi suna dasa itatuwa, suna gardamar wanda ya fi iya ƙwallo a zamaninsu, alhali ko sunkuyawa da ƙyar suke yi. Katanga kuwa, Mai Igiya aka damƙa wa.

"Kai ka san awo," in ji shugaban kwamitin gyara. "Duk inda ka kafa turke, nan ne iyaka."

Da awo ya kawo shi bayan gidansa, sai ya tsaya. Akwai tsohuwar magudanar ruwa a wurin, wadda bola ta binne har aka manta da ita. Ya dubi filin, ya hango yadda zai riƙa cika maƙil kowace yamma. Masu kallo za su so ruwan sanyi, za su so abin taɓawa. Shago uku a nan, ai ya haye! Taku huɗu kawai yake bukata. Wa zai lura?

Nan take ya hau aiki. Ya matsar da turke, ya cike magudanar da ɓaraguzai, ya zuba harsashin gini a kanta.

Yayansa, wani tela, ya zo ya tarar da shi yana jera bulo. "Ƙanena, ni fa a filin nan na girma. Nan hanyar ruwa ce, kuma ba taka ba ce. Ka ji tsoron Allah."

Ya yi dariya. "Yaya, kai awon wuyan riga ka sani. Bar mini awon ƙasa."

Ranar buɗe fili unguwa ta ɗinke. Ciyawa koriya shar, raga sabuwa fil, yara na layi a gaban lilo suna ihu. Ga shagunan Mai Igiya da shuɗɗan ƙofofi, masu neman haya har rububi suke. Yana ta gaisawa da mutane, baki har kunne.

Ana tsakiyar wasa sai hadari ya taso, aka kece da ruwa. Da farko murna aka yi, 'yan wasa na zamewa, 'yan kallo na shewa. Amma ruwan da ya gangaro daga saman unguwa ya zo neman hanyarsa, ya tarar an toshe. Ya taru a bayan shagunan har ya kai ƙugu. Mai Igiya ya ruga ciki don ya kwashe buhunan simintin da ya ajiye. Bai fito ba aka ji rugugi. Shago uku suka zube a lokaci ɗaya, suka ja ɗakuna biyu na gidansa. Allah Ya sa iyalinsa suna wajen kallo.

Su wa suka tono shi? Samarin nan da ya ci wa fili. Da hannuwansu suka yaye bulo, suka ɗauke shi zuwa asibiti. Ya rayu, amma bayansa ya karye, bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba.

Da ruwa ya janye, sai ga bakin tsohuwar magudanar a fili, a ƙarƙashin harsashin gininsa. Ba sai an tambaye shi komai ba. Shugaban kwamiti ya dubi wurin, ya ce, "Mu fa amana muka ba shi." Matarsa ta kwashi yara suka koma zaman ɗaki ɗaya a gidan telan nan.

Ya 'yan uwa, me ya samu? Sana'a ta tafi, lafiya ta tafi, gida ya tafi, mutunci ya tafi. Kada wani ya ce kayan jama'a ba su da mai su. Filin wasa, da bencin lambu, da hanyar ruwa, haƙƙin kowa ne, har jaririn da ke goye. In ka zalunci mutum ɗaya, ka san ƙofar da za ka je neman gafara. In unguwa guda ka zalunta, ƙofa nawa za ka buga? Wannan a duniya ke nan, tun ba a je gaban Mai hisabi ba.

Duk wanda ya san ya matsar da iyaka, ya je ya mayar tun yana da ƙarfin mayarwa.

Allah Ya kiyaye mu daga cin amana, Ya wadata mu da halal ɗinmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.