Mai Aski a Kan Keken Gwiwa

Akwai wani mai aski da 'yan unguwarsu suke kira Guguwa. Ba iyayensa ne suka raɗa masa ba, halinsa ne ya jawo masa. Bawan Allahn nan bai san zama ba. A tsaye yake karyawa, a tsaye yake amsa waya, ko gaisuwa ce sai dai ya jefo maka ita yana tafiya, ka tsinta a bayansa.

Aiki kuwa ya iya, ba a ƙwace masa wannan. Kana zama a kujerarsa zai taka feda da ƙafar dama, kujera ta ɗaga, ya shiga zagaye ka da kilifa. Kafin ka kai tsakiyar labarin da ka ɗauko, ya kakkaɓe maka wuya yana cewa, "Na gaba!"

Mutum ɗaya saurin nan yake cuta. Wani dattijo ne, tsohon direban babbar mota, kowa Baba Direba yake ce masa. Ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, da sanda yake tafiya yana jan ƙafa. Ga shi ƙofar shagon Guguwa tana da dakali mai tsayi. In layi ya zo kan Baba, kafin ya taso daga bencin waje ya hau dakalin, Guguwa ya ƙosa.

"Baba, bari in sallami wannan kafin ka ƙaraso."

Baba ba ya iya doguwar tsayuwa, sai ya koma benci. Kafin ya sake tasowa, wani ya sake cike kujerar. A haka har ya daina tasowa gaba ɗaya. Yakan zo ya zauna a bencin don hira, gashi da gemu suna ta taruwa. Guguwa ko lura bai yi ba.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, Guguwa ya fito zai tafi shago. Ga 'yar gada can gaba kaɗan, amma ina, ya ga ta yi masa nisa. Ya ja baya, ya daka tsalle zai haye kwata. Ƙafar dama ta dira a kan santsi, aka ji ƙas!

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, wata mace da ba ta da yawan magana, ta ce idon sawu ya karye. Aka naɗe ƙafar da filasta mai tauri, wadda mutane suke cewa siminti, tun daga yatsu har ƙasan gwiwa.

"Malam, ƙafar nan kar ta taɓa ƙasa sai ƙashi ya haɗe," in ji ta. "Ko da wasa."

Jama'a, ku zo ku ga Guguwa a ɗaure. Ya kwanta, ya tashi zaune, ya kunna talabijin, ya kashe, ya ce a buɗe taga, ya ce a rufe. An ba shi sandunan dogarawa, amma su hannu biyu suke ci, da wane zai riƙe kilifa? Kullum sai ya kira maƙwabcin shagonsa mai gyaran waya.

"Wa ka gani yau ya shiga sabon shagon can?"

Don akwai wani sabon shagon aski da aka buɗe a tsallaken titi. Shi ne abin da yake cinsa, ba ciwon ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Yakan ce wa matarsa, "Maman yara, kai in ya saba da wani hannu, ba ya dawowa."

"Ƙafa ma in ta lalace ba ta dawowa," in ji ta. "Ka sha maganinka."

Ana haka yayan matarsa ya zo dubiya da wani abu a bayan mota, wanda ya aro a wurin abokin aikinsa da ya warke. Wani ɗan keke ne mai ƙananan tayoyi huɗu, da kai da birki irin na keke, amma maimakon sirdi sai wani dogon matashi. A kansa ake ɗora gwiwar ƙafar da ta karye, sawun yana reto a baya bai taɓa ƙasa ba, a riƙa turawa da ƙafa mai lafiya.

"Keken gwiwa ke nan," in ji Yaya. "Na zuwa banɗaki ne da shan iska a ƙofar gida. Ka ji ni da kyau, ba na tsere ba ne."

"Na ji, Yaya. Allah Ya saka da alheri."

Da kunne ɗaya ya ji. Kafin Yaya ya tayar da mota, Guguwa ya daki ƙofar ɗaki, ya kwashe labule, ya kifar da bokitin wankin da aka jiƙa. Matarsa ta riƙe haɓa.

"Da kana ƙafa biyu ban huta ba, yanzu an ƙara maka taya huɗu. Ni 'yasu!"

Bai yi kwanaki da yawa ba ya ce shi fa shago zai koma. Ta yi magiya, ta yi fushi, ta ce za ta kira Yaya. Ya ce ai likita cewa ta yi kar ƙafa ta taɓa ƙasa, ga ta nan a sama, me kuma ake so? Ya tura kekensa ya fita.

Titin da ya saba cinyewa a guje ya zama masa aiki. Kowace tsakuwa sai ta tokare taya, kowane ɗan rami sai ya nemi kifar da shi. Da gumi ya isa. Yana isa kuma ya tsaya cak a gaban dakalin ƙofarsa, yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Sai da mai gyaran waya da wani suka cicciɓe shi, shi da keken, suka shigar.

"Sannu, ɗana. Ya ƙafar?" in ji Baba Direba daga benci.

"Da sauƙi, Baba," ya ce, ko waiwaye babu.

Aka fara aiki, sai ga wata matsala. Keken gwiwa ba ya juyawa a matsatsin wuri. In zai koma ɗaya gefen kan mutum, sai ya yi gaba, ya yi baya, ya sake yin gaba, wayar kilifa tana naɗewa a taya. Askin da yake yi kamar ƙiftawar ido ya koma jan rai. Guguwa sai tsaki yake.

Baba ya leƙo ta ƙofa. "Ɗana, kujerar nan ai juyawa take yi. Danne birki ka tsaya wuri ɗaya, ka juyo mutum ya zo maka."

"Baba, tuƙi daban, aski daban."

Baba ya koma bencinsa.

Labari ya bazu cewa Guguwa ya dawo, benci ya cika. Yana aski, ido ɗaya a madubi yana kallon layi. Sai ya hango wani tsohon kwastomansa ya duba agogo, ya miƙe, ya kalli tsallaken titi. Guguwa ya ɗaga murya.

"Ina zuwa! Yanzu-yanzu! Na gaba!"

Wani gajeren mutum ya zauna, kansa ya yi ƙasa da yawa, sai an ɗaga kujera. Wallahi Guguwa bai yi tunani ba. Ƙafar hagu tana ƙasa tana riƙe da shi. Ƙafar dama kuwa, wadda ta shekara da shekaru tana wannan aiki, ta sauko daga kan matashi da kanta, ta taka feda da dukan ƙarfinta.

Ihun da ya yi, har a sabon shagon an ji shi. Kilifa ta faɗi tana kuka a ƙasa. Simintin ya tsage ta dunduniya.

Likita ta daɗe tana kallon sabon hoton kafin ta yi magana.

"Ƙashin ya goce kaɗan. Allah Ya taimake ka, zan iya mayar da shi ba tare da wuƙa ba. Amma duk zaman da ka yi a baya ya tashi a banza, daga farko za mu fara. In ka kuma, sai tiyata da ƙarfe, kuma ba na yi maka alkawarin za ka sake wuni a tsaye."

"Likita, ban yi niyya ba. Ƙafar ce ta tafi da kanta."

"Ƙashi bai san niyya ba, Malam."

Mai askin da ba ya iya tsayuwa, me ya rage masa? Suka kama hanyar gida. Matarsa da take da abin faɗa cike da baki, ta haɗiye, don ta ga idonsa ya kawo ruwa.

Ya koma zaman taga. Jiki ba ya motsi amma zuciya tana ta kai-komo. In ya zauna shago ya mutu, in ya koma ƙafar nan za ta sake cin amanarsa, don ya san halinta, halinsa ne.

Wata rana da la'asar ya hango wani yana tahowa daga bakin layi. Baba Direba ne. Da yake ba shi da wurin zuwa, karo na farko Guguwa ya kalli tafiyar dattijon daga farko har ƙarshe. Baba ya kafa sanda, ya gwada ta, ya matso da ƙafa mai lafiya, ya jawo ɗayar, ya huta. Ya kauce wa tsakuwar nan da ta tokare kekensa, ya zagaye ramin nan. Duk wannan wahalar don ya zo ya duba shi. Kunya ta rufe Guguwa.

Bayan an gaisa ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe ni. Ashe haka dakalin nan yake."

"Haka yake, ɗana. Na yafe." Baba ya jingine sandarsa. "Ka san da ciwon nan ya same ni, kullum da safe sai in tsinci makullin mota a hannuna, ban san na ɗauka ba. An yi mini nasiha har an gaji. Da na ga zan kashe kaina in kashe 'ya'yan mutane, sai na miƙa wa babban ɗana makullin, na ce ko na zage ka kar ka ba ni. Hali ba ya jin wa'azi. Raba shi ake yi da abin da yake kamawa."

Ya shafa gemunsa da ya yi buzu-buzu, ya yi dariya. "Kuma ka yi ka warke. Jikokina sun fara guduna."

Da kumburi ya saɓe, likita ta yarda ya riƙa zuwa shago na ɗan lokaci da safe, da sharaɗin gwiwa ba za ta bar kan matashi ba. Kafin ya taɓa kan kowa, Guguwa ya sa aka sauke kujerar ƙasa, ya karɓi sifana ya kwance fedar, ya miƙa wa matarsa.

"Ki ɓoye. Ko na yi kuka kar ki ba ni."

"Ko ka yi birgima," in ji ta, ta jefa a jaka.

Ya kira kafinta ya shimfiɗa katako mai faɗi daga titi zuwa kan dakali. Wanda ya fara hawa shi ne Baba Direba.

Kar ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Guguwa ya danne birki, ya tsaya wuri ɗaya, yana juya kujerar a hankali, yatsunsa suna ƙaiƙayi, ƙafarsa mai lafiya tana rawa. A madubi yana ganin masu sauri suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna tsallaka titi, zuciyarsa kamar ta bi su. Ya cije, ya ci gaba da gyara gemun Baba.

Washegari Baba ya zo da abokinsa mai ciwon gwiwa. Bayansa wani mai keken guragu, wanda ya ce ya daɗe bai ga shagon askin da zai iya shiga da kansa ba. Sai dattawa suka riƙa gaya wa juna. Layi bai kai na da ba, wasu da suka tsallaka ma ba su dawo ba, amma kujerar ba ta wuni babu kowa.

Ranar da aka yanke simintin, likita ta ɗaga hoto ta ce, "Ya haɗe. Bismillah, taka a hankali."

Ƙafar ta rame, ta yi fari. Guguwa ya sauke ta ƙasa, ya ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan. Ta ɗauka. Ya rufe fuska da hannu, matarsa tana ta hamdala.

Aka mayar wa Yaya kekensa, feda ta koma jikin kujera. Kafinta ya zo zai ɗauke katakonsa, Guguwa ya ce, "Bar shi nan, ya zama ɗan gida."

Bayan 'yan makonni, wata safiya layi ya zo kan Baba Direba. Ya kafa sanda yana ƙoƙarin tashi daga benci. Wani matashi mai makullin babur a hannu ya yi wuf ya shige, ya dafa kujerar.

"Maigida, sallame ni kafin ya ƙaraso."

Guguwa ya ji maganar ta dake shi, don ya san bakin da ta fara fitowa. Ya kalli matashin, ya kalli ƙafarsa ta dama da ta riga ta ɗaga za ta taka feda. Ya mayar da ita ƙasa.

"Layinsa ne, ɗan'uwa. Zai ƙaraso."

Ya kashe kilifa, ya jawo 'yar kujera, ya zauna yana jiran Baba.

Darasi: Zafin nema ba ya kawo samu, kuma garin ceton kaɗan da gaggawa sai a rasa babba. In ka san halinka ya fi ƙarfinka, ka raba kanka da abin da yake jan ka. Kar kuma ka ƙosa da mai tafiya a hankali, ba ka san abin da kowane taku yake cinsa ba sai ranar da taka ƙafar ta tsaya. Duk kun san wani Guguwa a gida ko a wurin aiki. Ku tura masa wannan, ku ce ya zauna tukuna kafin ya karanta.