Kunamar Malam Jatau

Ku matso kusa, 'yan layin atamfa, wanda ke auna yadi ya ajiye almakashi. Ni ce Yelwa ta Malam Jatau maƙeri, Allah ya ji ƙansa. Kun san ni a kasuwar Funtuwa, kun san ban taɓa barin mai saye ya yanka mini farashi ba, kuma ban taɓa kai ƙarar gidana wajen kowa ba. Bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya bi maganar, ita ba ta karkace ba. Yau abin ya fi ƙarfina, shi ya sa na kawo muku.

Maigidana maƙeri ne ɗan maƙeri, daga baya ya haɗa da walda. Yana da wani ɗan tambari na ƙarfe da ya gada wajen mahaifinsa, mai zanen kunama. Duk abin da ya fita daga hannunsa, ko fartanya ce ko ƙofa, sai ya buga masa kunamar nan. Wanda ya ga kunama ba ya tambayar inganci.

Shekara da shekaru yana kallona ina sauke turamen atamfa daga kanta, in warware wa mace, ta taɓe baki ta tafi, in sake ninkewa. Bayana har ya fara ciwo. Sai ya ce zai ƙera mini wani abu da ya kira bishiya. Gindinta baƙin ƙarfe ne mai nauyi da ke juyawa a kan boris, rassanta kuwa farin bututu ne na alminiyam, mara nauyi, wanda ba ya tsatsa balle ya ɓata zane. Kowane reshe turmi ɗaya. Mai saye ta tsaya wuri ɗaya, ta tura da ɗan yatsa, kaya su riƙa zuwa gabanta suna wucewa.

Abu ɗaya ya gagare shi, wato inda reshe ke haɗuwa da gindi. Baƙin ƙarfe da farin ƙarfe ba sa jituwa a wuta. In ya sa walda, farin ya narke ya bar rami. In ya ɗaure da noti, juyi ya kwance shi, ko kan notin ya yagi zane. Bai rubuta komai ba, bai zana komai ba, duk dabararsa tana jikin ƙarfen. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga alamar ba tashi, ya damƙa mini tambarin ya ce, "Yelwa, kunamar nan ba ta shiga rabon gado. Hannu ɗaya take shiga. Ki ba wanda ya tsayar mini da bishiyar nan a cikin 'ya'yanmu."

'Ya'yan namu uku ne. Hashimu babba, shi ya bi sana'ar uban. Tanimu direban babbar mota ne. Zulai ce auta, tana kwalejin fasaha tana koyon zanen injuna.

To ga inda masifa ta fara. Ina cikin takaba, ba ni da halin leƙa ko ƙofar gida, ƙannen maigidana suka je share maƙera don a raba gado. Ba mugunta suka yi ba. Sun tarar da tsibin ƙarafa a lungu, wasu a lanƙwashe, wasu da ramin wuta, suka ɗauka tarkace ne. Suka kira 'yan gwangwan, aka ɗora a sikeli, aka loda. Hashimu a ranar yana wani ƙauye yana kafa ƙofofin makaranta. Sai da suka zo yi mini bayani ta bayan labule na tambaye su inda suka ajiye bishiyar. Suka ce wace bishiya. Kayan kuwa tuni sun bar gari a tirela, an nufi kamfanin narka ƙarfe can kudu, bayan an haye gadar Lokoja.

Tanimu yana tasha da lodin albasar ubangidansa lokacin da labari ya same shi. Ya san hanya, ya san direbobi, ya san in ƙarfe ya shiga tukunyar kamfanin nan ba ya fitowa sai a matsayin rodi. Ya bar motar da albasar a tasha, ya hau ta haya ya bi su. Kullum ina zaune a kan tabarma da carbi, in waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Da ya isa ya tarar an riga an juye lodin a kan wani tsibi da ya fi gidan sama tsawo, ga ƙugiyar inji tana ɗiba tana zubawa a wuta. Masu gadi suka kore shi. Ya zauna a bakin ƙofa, ya roƙi wannan, ya bi wancan, har shugaban ma'aikata ya gaji da ganinsa ya ce ya hau ya duba, in ya mutu ruwansa. Ya hau cikin rana yana juya ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana neman kunama. Wani tsohon kwanon rufi ya tsarge masa ƙauri, ya ɗaure da rawani ya ci gaba. Da kunamar ya gane gindin, da ita ya tsinto rassan, sai guda ɗaya da wuta ta riga shi. Ya dawo da zazzaɓi da ƙafa a kumbure, har yau yana ɗingishi. Albasar ta ruɓe, ubangidan ya karɓe makullinsa, kuma babu mai mota a tashar nan da ya sake yarda da shi. Da ba don Tanimu ba, da bishiyar Jatau tana cikin sumuntin ginin wani.

Hashimu ya karɓi ƙarafan ya shimfiɗa su a ƙasa kamar mai jeran ƙashin gawa. Daga ramukan da uban ya bari ya karanta abin da uban ya gwada ya kasa. Ya daina karɓar aikin kowa. Masu ƙofofi da masu tagogi suka koma wajen maƙwabta, matarsa ta riƙa zuwa wajena tana share hawaye da gefen mayafi. Ya gwada walda iri-iri, farin ƙarfen yana narkewa. Na fara jin tsoro kada ciwon da ya ci uban ya ci ɗan, don ya rame har wuyansa ya fito. Rannan wata mata ta kawo taɓarya da ta tsage a sa mata zobe. Yana gasa zoben a gawayi kamar yadda kakanninsa ke yi, ya zura shi da zafi, ya watsa ruwa, zoben ya tsuke ya kama icen gam, sai ya tsaya yana kallo. Ya ture injin walda gefe ya jawo zugazugi. Ya ƙera wa gindin ƙahoni masu tsaga-tsaga, ya zura farin bututun a kan ƙaho, ya gasa zobe ya ɗora a kai, ya kashe da ruwa. Na farko zafin ya yi yawa, bututun ya yi laushi. Na gaba bai kama ba. Sai da ya gano daidai launin da zoben zai yi kafin a cire shi daga wuta, da daidai faɗin da za a bar masa. A cikin gwajin nan wani zobe ya kuɓuce wa awartaki ya faɗa masa a hannun dama, yatsu biyu suka ƙandare, ba sa lanƙwasuwa. Amma ranar da ya gama, ya rataya buhun sumunti a reshe, ya juya, reshen ko gezau. Da ba don Hashimu ba, da abin da Tanimu ya kwaso tarkace ne kamar yadda baffanninsa suka ce.

Ni kuwa na fita takaba, ga kasuwar Salla ta matso. Na ce a kawo mini bishiyata rumfa, in loda mata atamfa, duk layin nan ya zo ya ga abin da mijina ya bar mini. Sai Zulai ta dawo daga makaranta ta tare ƙofar maƙera. Ta ce akwai ofishi a Abuja da ake yi wa sabuwar ƙira rajista, a ba ka takarda cewa taka ce, ba mai kwaikwaya sai da izininka. Amma in ka baje ta a kasuwa kafin rajistar, ka zubar da ita, ta zama ta kowa. Na ce ta kauce. Ta lulluɓe bishiyar da tampol, ta sa kwaɗo, ta jefa makullin cikin rigarta, ta ce, "Inna, ki dake ni in kina so, amma ba za ta fita ba." Ni Yelwa, 'yar da na goya! Na daina amsa gaisuwarta. Ashe ta lura da wani ɗan kwangila, ba zan faɗi sunansa ba don yana da 'ya'ya a garin nan, wanda ya riƙa zarya wajen Hashimu da sunan aikin ƙofa, idonsa na kan lungu, har ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ta taga. Lokacin jarrabawarta ta ƙarshe ne. Ta zauna a maƙera ta auna kowane ƙaho da kowane zobe, ta zana, ta rubuta bayanin yadda haɗin yake, abin da Hashimu ya iya yi da hannu amma bai iya faɗa da baki ba. 'Yan ajinsu suna zauren jarrabawa, ita tana cikin motar Abuja. Aka ce zanen da gyara, ta zauna a barandar ofishin ta sake shi. Ta miƙa aka buga mata hatimi. Tana saukowa daga bene ta yi kiciɓis da ɗan kwangilar yana hawa, shi da lauyansa. Makaranta ta ce sai ta maimaita shekara, wanda zai ɗauke ta aiki ya ɗauki wata. Da ba don Zulai ba, da yau ina biyan wani kafin in rataya zane a bishiyar mijina.

Takarda ta fito da sunan iyalan Malam Jatau. Bishiya ta zo rumfa, kun gan ta da idonku, kun ga yadda mata ke juya ta kamar yara. Labari ya kai Kaduna, wani mai kamfanin ƙera gadajen asibiti da kantocin shaguna, Alhaji Lasisi, ya zo da kansa. Shi haɗin ma ya fi ba shi sha'awa fiye da bishiyar, ya ce ya daɗe yana neman yadda zai haɗa farin ƙarfe da baƙi ba tare da wuta ta ci ba. Ya so ya saye takardar gaba ɗaya. Na ce masa, Alhaji, ba a sayar da saniya a koma roƙon nono. Ya tashi, na bar shi ya tafi. Ya kai bakin layi ya dawo. Na ce kowane guda da zai ƙera akwai rabonmu a ciki, kuma kowane guda sai an buga masa kunama. Ya yi dariya ya ce gara ya yi ciniki da banki da ya yi da ni. Ya yarda. Amma shi ma ya kafa nasa sharaɗin. Mutum ɗaya yake so, wanda zai riƙe tambarin, ya duba kaya, ya ce wannan ya fita wannan kada ya fita, maganarsa ta zama ta gidan. Ya ce ya sha ganin kamfani ya nutse a rigimar 'yan uwa, in ya dawo ranar Litinin bai sami suna ɗaya ba, ya janye.

Riba dai za a raba ta yadda shari'a ta ce, ba wanda ke jayayya a kan wannan. Kunamar ce. Tun da maganar ta fito, 'ya'yana ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Na tara su a tsakar gida. Hashimu ya ɗaga hannun nan nasa ya ce, "Inna, tarkace fa aka kawo mini." Tanimu ya miƙe ƙafarsa ya ce, "Yaya, tarkacen ma wa ya kawo?" Zulai ta ce ita ba ta ce komai ba, amma a tuna sunan wa zai kasance a kai da ta ba ni makulli. Daga nan kowa ya tashi.

Baffanninsu sun ce Hashimu babba ne kuma maƙeri, a ba shi. Amma uban bai ce babba ba, da yana nufin haka da ya faɗa, ba mutum ne mai ɓoye magana ba. Liman ya ce wasiyya amana ce, in yi adalci, bai gaya mini ta wace hanya ba. Tambarin yana ƙulle a bakin zanena, in na tashi yana bugun cinyata, in na zauna ina jin sanyinsa. In na ba ɗaya ina tsoron rasa biyu. In na hana duka na ci amanar mamaci, Alhaji Lasisi kuma ya tafi da kamfaninsa.

Ga wanda ya ciro bishiyar daga bakin wuta ya bar ƙafarsa da aikinsa a can. Ga wanda ya haɗa abin da uban ya mutu bai haɗa ba, ya ba da yatsunsa. Ga wadda ta tsaya a gaban uwarta ta hana a sace, ta ba da shekararta. Litinin jibi ce. To ku gaya mini, 'yan uwa, a cikin ukun nan wa ya tsayar da bishiyar Jatau, hannun wa zan damƙa wa kunama?