Shatin Yatsa a Littafin Tukunya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda sana'arsa ita ce bin diddigin kamfani kafin a saye shi. In masana'anta ta kwanta wa attajiri a rai, shi ake fara turawa. Ya duba takardun fili da lasisi, ya bincika ko akwai shari'a a kotu, ya bi injina ɗaya bayan ɗaya. In ya ce a saya, an saya. In ya ce a bari, ko kyauta aka bayar ba mai ɗauka.

Ana ce masa Mai Shinshine, don duk littafin da aka miƙa masa sai ya fara kai shi hanci. Abokan aiki har tsiya suke masa, wai ko katin gayyata aka ba shi sai ya shinshina. Amma ya san abin da yake nema. Littafin da ya shekara a ɗakin inji ƙaurin baƙin mai yake yi, gefen shafukansa duk shatin yatsun ma'aikata. Wanda aka rubuta jiya a ofis kuwa, ƙamshin kanti bai sake shi ba.

Yana da wa guda, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Wan nan aikinsa kula da tukunyar tururi a masana'anta, kuma da ƙunar hannunsa ƙanin ya yi karatu. A lokacin, inda yake aiki ya rufe, yana zaune gida da mata da 'ya'ya biyar.

Rannan wani attajiri ya tura Mai Shinshine ya duba masa kamfanin sabulu. Takardu duk suka fito fes, sai da ya shiga ɗakin tukunya. Tukunyar ta kai girman motar haya, an lulluɓe tsatsarta da sabon fenti. A samanta akwai bawul, wato ɗan murfin da ke buɗewa da kansa ya saki tururi in ya yi yawa, don kada tukunya ta fashe. Wannan bawul ɗin ya lalace yana yoyo, sai aka ɗaure shi tamau da waya.

Ya ce a kawo littafin da ake rubuta gyara da dubawa. Shekara uku cif, biro ɗaya, hannu ɗaya, ko ɗigon mai babu. Ya kai hanci, ya ajiye.

Mai kamfanin ya ja shi ofis, ya kori kowa sai akawunsa, ya tura ƙofa. Ya ɗora makullin mota a kan littafin, ya ce, "Akwai wata 'yar mota da ba na shiga, malam. Ta fi dacewa da kai."

Me ya rage, ya 'yan uwa, in ba ya tashi ya fita ba? Bai fita ba. Ya kalli makullin, ya kalli littafin, ya ce, "Wannan ko ɗan koyo ba zai yarda da shi ba. A kawo mini giris."

Akawu ya riƙe gwangwanin giris, shi kuwa yana dangwala babban yatsansa yana buɗa shafi, yana dangwalawa yana buɗawa, har ƙarshe. Ya sa aka jingina littafin kusa da wuta ya sha hayaƙi. Ya ce kuma a cire wayar nan ta bawul, don ido na ganinta. Aka cire, aka yi wa bawul ɗin walda ta ciki, aka mayar da hularsa. Ilimin da Allah ya ba shi don kama ƙarya, da shi ya gyara wa ƙarya zama.

Ya rubuta rahoto cewa tukunya lafiya lau take, ya sa hannu, ya ɗauki makullin mota. Ya lallashi zuciyarsa da cewa ai sabon mai kamfani zai canza ta. Attajiri ya saya, bai canza komai ba. Don me zai canza abin da aka ce masa lafiyayye ne?

Bayan wata guda sai ga wansa da yamma, baki har kunne. Ya shafa sabuwar motar, ya sa albarka, ya ce ya samu aiki a kamfanin sabulun nan. Suna jin ko wan wane ne suka ɗauke shi.

Mai Shinshine ya kawar da kai. Ya ce, "Yaya, ka haƙura da aikin nan, zan nema maka wani."

"Don me?"

"Shekaru sun ja. Zafin wurin ya yi maka yawa."

Wan ya yi dariya. "Ni da na goya ka za ka gaya wa tsufa? Yau ma na so in kwance bawul ɗin in gani da idona, manaja ya ce ba lokaci, ya nuna mini sa hannunka. Na ce to, magana ta ƙare. In ƙanina ya duba, an duba."

Kalma uku ta isa a nan: Yaya, ka kwance. Amma in ya faɗa, mota ta tafi, suna ya tafi, wataƙila har ɗauri. Ya raka wansa bakin titi. Ya ce a ransa gobe zai gaya masa. Goben nan ta kai mako uku.

Wata Laraba da hantsi aka samu babbar oda, manaja ya ce a ƙara wuta. Ƙarar fashewar tukunyar ta farfasa gilasan unguwa. Mai Shinshine ya iso a motar nan tasa, ya tarar babu rufi, babu bango ɗaya. Rabin tukunyar ya tsallake titi ya nutse cikin wani shago. Tafasasshen ruwan sabulu na malala a tsakar kamfani, mutane na birgima a ciki. Ya ga wani yana gudu fatar bayansa na reto kamar tsohuwar riga. Ya ga takalmi da ƙafa a cikinsa. Mutum tara suka mutu a ranar.

Wansa yana kwance jikin tulin bulo. Da murya kawai ya gane shi, don fuskar ta saɓule, idanun sun dafe. Ya kama hannunsa, fatar ta biyo tafinsa.

Wan ya ce, "Bai buɗe ba, ƙanina. Na ja, na ja, bai buɗe ba." Ya numfasa. "Kada ka sa wa ranka. Yaudararka suka yi."

Da wannan uzurin a bakinsa ya cika.

A nan akawun nan, wanda surukinsa ke cikin gawarwakin, ya nuna shi da hannu. "Ga shi nan. Ni na riƙe masa giris."

Ba wanda ya tsaya tambaya. Dangin mamata suka rufe shi da bulo da guntayen ƙarfe. Suka karya masa haƙarƙari, suka zubar masa da haƙora, suka ja shi ta cikin ruwan zafin da ya dafa 'yan uwansu. Wani ya take hannunsa na dama a kan siminti ya dinga sara da bakin shebur. Motar aka kife ta aka cinna mata wuta. Da ƙyar 'yan sanda suka zare shi, jini ya rufe masa ido.

A asibiti yatsu huɗu suka tafi. Babban yatsan ya tsira.

Tsohon mai kamfanin ya riga ya tsere. Littafin kuwa yana ofis, ko kusurwarsa ba ta ƙone ba. A kotu aka dangwala yatsan da ya rage a tawada, aka gwada. Shafi ɗari da arba'in, yatsa guda. Ba a nemi wata shaida mai yawa ba, aka yanke masa ɗauri.

Matar wansa ta je gidan yari sau ɗaya. Ba ta zage shi ba, ba ta zauna ba. Ta ce, "Ranar da ya dawo daga gidanka ya ce mini yanzu hankalinsa ya kwanta." Ta juya ta tafi.

Ya 'yan uwa, wanda aka ce masa je ka duba mana, idon jama'a aka ba shi aro. In ya runtse, ba shi kaɗai ya makance ba. Mutumin nan bai kunna wuta ba, bai ɗauki makami ba, hannu kawai ya sa a takarda, mutum tara suka shiga kabari. Kai mai duba gini, kai mai gwada magani, kai mai duba birkin mota, wa ya gaya maka ba ɗan uwanka ne zai tsaya a ƙarƙashin abin da ka sa wa hannu ba? In ma ba naka ba ne, ai na wani ne. Kuma in yatsa ɗaya ya tona mutum a gaban alƙalin duniya, yaya ranar da duk gaɓoɓi za su yi magana?

In akwai maganar da kake cewa gobe za ka faɗa, ka faɗe ta yau.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye hannuwanmu daga sa hannun da za mu yi kuka da shi. Amin.