Ƙafafun Baba Agogo

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da ake kira Baba Agogo. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, amma ƙafafunsa suka soma yi masa gardama. In ya miƙe sai su liƙe a ƙasa kamar an zuba musu gam, ya riƙa jan su da kyar. Daga baya mantuwa ta shigo.

Babban ɗansa, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya, mutum ne da ba a gaya masa magana. Kallo ɗaya ya yi wa tsohon ya yanke hukunci: ciwon karkarwa ne, irin wanda ya kwantar da kawunsu.

Auta kuwa, 'yar da ke jinyarsa, ta san wani abin da Yaya bai sani ba. Fitsari yana kufce wa Baba. Ita ke wanke wandunansa ta shanya a bayan ɗaki. Ran da ta fara gani, ya riƙe hannunta yana hawaye ya ce, "Auta, ki rufa mini asiri. Ko yayanki kada ya ji." Ta yi masa alkawari.

Da suka je asibiti, likita ya tambaya ko fitsari na kufce masa. Kafin kowa ya buɗe baki Yaya ya haɗe rai ya ce mahaifinsu ba yaro ba ne. Baba ya sunkuyar da kai, Auta ta riƙe alkawarinta. Likita ya so a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, Yaya ya ce ɓata lokaci ne, shi ya san ciwon. Aka ba su maganin karkarwa a gwada.

Watanni suka shuɗe, magani bai yi komai ba. Baba ya faɗi a tsakar gida, ya sake faɗuwa a ƙofar banɗaki. Shagonsa ya rufu. Wata safiya ya dubi Auta ya tambaye ta ko 'yar gidan wa ce.

Nan hankalinta ya tashi. In ta yi magana ta karya alkawari, in ta yi shiru tana kallo ubanta zai ƙare a kan katifa. Ta yi kuka har ta gode wa Allah.

Da suka koma asibiti, tun kafin Yaya ya gyara zama ta ce, "Likita, fitsari yana kufce masa. Tun farkon ciwon ne." Yaya ya daka mata tsawa, Baba ya kau da fuska. Amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Aka ɗauki hoton. Likita ya nuna musu ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sun cika sun buɗe. Ya ce cututtukan nan kama suke yi da juna. Na kawunsu yakan zo da rawar hannu, ciwon mantuwa kuma yakan fara cin tunani tun ƙafa na lafiya. Amma jan ƙafa da kufcewar fitsari da mantuwa, ga kuma wannan hoto, ruwa ne ya taru, kuma ana iya yi masa hanya.

Yaya ya tambaya da ƙaramar murya ko zai warke. Likita ya ce ƙafa ana sa rai, amma tunani an makara, ba duka zai dawo ba.

Aka yi aiki, aka sa masa siririn bututu mai janye ruwan. Bayan 'yan kwanaki Baba ya miƙe, ya taka da kansa zuwa banɗaki ya ja ƙofa. Da ya fito ya dubi Auta, ya kira ta da sunanta, ya ce, "Kin tona mini asiri, Allah ya rufa naki."

Yaya ya ɗauko masa wani tsohon agogo don ya faranta masa rai. Baba ya buɗe bayansa da hannun nan da ba ya rawa, ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya tambayi Yaya ta ina ake farawa. Yaya ya fita waje ya fashe da kuka.

Darasi: Kama da wane ba wane ba ne, kada ka raɗa wa ciwo suna don ya yi kama da na wani. Kuma ranar wanka ba a ɓoye cibiya: a gaban likita a ajiye kunya da girman kai, a bar mai jinya ya faɗi abin da ya gani. Ku tura wa duk wanda ke da tsoho a gida.